Shekarar da Na Hana Jirgin Inna Tashi

Ku 'ya'yana, da ku 'ya'yan Yaya Attahiru, na san abin da kuka tashi kuna ji a kaina. An ce muku Sahabi ne ya hana uwarsa zuwa Makka. An ce boko ya hau masa kai, ya tsayar da jirgin alhazai don a san shi ma wani ne a filin jirgi. Rabin maganar gaskiya ce: ni na tsayar da jirgin, kuma ba wanda ya tilasta ni. Ɗaya rabin ne ban taɓa buɗe baki a kansa ba, saboda masu shi suna da rai. To yanzu Inna ta rasu, Yaya ya bi ta, Malam Bawa ma an yi jana'izarsa a Isa, ban ko samu zuwa ba don hanyar ba ta biyuwa yanzu. Saura ni kaɗai, ga ido ya fara ja da baya. Don haka ku karanta har ƙarshe, kada wani mai gaggawa a cikinku ya tsaya a tsakiya ya ce ya gane.

Gidanmu a Sabon Birni gidan malamai ne, kun sani. Baba ya koyar da allo har ƙarshen ransa, Yaya ya gaji buzunsa. Ni kuwa Allah ya yi ni da ƙaiƙayin hannu, ba na iya ganin abu yana juyawa in wuce ban san me ke juya shi ba. Mutane suna cewa ban yi gado ba. Ƙarya suke, na yi gado, wajen Inna. Ita ce matar da in an kawo sabuwar fitila gida sai ta kwance ta, ta ga inda kananzir ke bi ya hau lagwani. Ita ta taɓa tsayar da mai injin niƙa a bakin kasuwa, mutane na jira da tasoshinsu, sai da ya nuna mata abin da ke jan bel. Maƙeri take ce mini, da na fara aikin jirgi kuma ta ƙara mini girma na zama Maƙerin Sama. Ba za ni cika ku da sunayen makarantu da garuruwan da na zauna ba. Abin da za ku riƙe shi ne, a shekarar da nake ba ku labari na kai matsayin da jirgi ba ya tashi sai na duba injinsa na sa hannu cewa lafiyarsa lau.

Har gobe injin jirgi bai daina ba ni mamaki ba. Wannan babbar fankar da kuke hangowa a ƙarƙashin fiffike baki ce kawai. Iskar da ta zuƙa hanya biyu take bi. Mafi yawanta ta bi ta gefe ta fice ta baya abinta. Kaɗan ce ke shiga ciki, inda wasu ƙananan fankoki ke jere layi bayan layi, kowace da haƙoranta sirara kamar aska, suna matse iskar har ta yi zafi kafin ta gamu da mai wuta ta kama. Gudun da haƙoran nan ke yi, ido bai isa ya gani ba. In ɗaya ya tsage ya ɓalle ba shi kaɗai zai tafi ba, zai kwashe na bayansa, su ma su kwashe na bayansu. Shi ya sa aikin yake da dokokin da mutumin garinmu zai ɗauka hauka ne. Sifana ɗaya ta ɓace, ba mai tafiya gida sai ta fito. Ƙarfe lafiya lau, yana ƙyalli, sai a cire shi don kawai awoyin da aka ɗibar masa sun cika. Ranar da na gaya wa Inna wannan, riƙe haɓa ta yi.

"Ƙarhe lahiya lau ku hidda shi? Wane irin almubazzaranci na wanga? Ku ba mai gyaran babur na bakin tasha mana, shi ci abinci da shi."

Na ce, "Inna, motar Shinkafi in ta lalace sai direba shi gangara gehe, mutane su shimhiɗa tabarma gindin tsamiya. Sama ba tsamiya."

Ta ce, "Awo, wagga kuma gaskiya ta." Amma ban ga alamar ta yafe mana ƙarfen ba.

Shekarar da ta samu kujerar Makka, gwiwoyinta sun riga sun fara ba ta wahala, har likita ya ce in za ta je ta je bana, don baɗi ba lalle ƙafar ta ɗauke ta ba. Yaya ne zai raka ta. Sai Allah ya haɗa, kamfanin da nake wa aiki shi ya samu jigilar alhazan, aka kuma turo ni Sakkwato in kula da injinan jirgin. Mutanen Sabon Birni da Isa suka faɗo a sahun ƙarshe, ana gab da rufe filin jirgin Jidda, wanda in an rufe shi ga alhazai an rufe ke nan sai wata shekara. Na leƙa gida kafin su taso, na tarar da shi ba masaka tsinke. Mata na ta shigowa sallama ana yafe wa juna, wannan ta ce a roƙa mata haihuwa a gaban Ka'aba, waccan ta ce a roƙa wa ɗanta shiriya. An daka yaji, an yi dambun nama, an ƙulla kuka da daddawa. Tun ba ta taka ko'ina ba an fara kiranta Hajiya, tana cewa a bari tukuna, amma bakinta ya ƙi rufuwa.

Bayan la'asar ta kira ni ɗaki, ta saki labule, ta kwance bakin zanenta ta fito da laya. Jar fata ce, ba ta kai tafin hannu ba, sabon ɗinki, da zoben ƙarfe a kanta inda ake zura igiya. Wani tsohon malami a wajen Alkalawa ya yi mata. Kada ku yi dariya, ku 'yan yanzu. A ƙasarmu a lokacin da wuya ka ga direban da zai hau hanyar Maraɗi ba laya ɗaure a injinsa. Sabon injin niƙa, sabon injin ban ruwa a fadama, duk sai an rataya musu kafin a tayar. Kuma a jikin inji ake sawa, ba a kujera ba, don can ne ran abin yake.

"Maƙeri, ga wagga. Ka sa min ita cikin injin jirginmu, can ciki inda ba mai gani."

Na yi dariya na ce, "Inna, ko ƙwayar gero ba a bari cikin injin nan. Ki sa ta jakarki, ai duk jirgi guda na."

"Jaka daban, inji daban. Kai ka san ƙarhe, ni na san wanga."

"Wallahi ba ni sa ta. Ko Baba yat taso yac ce in sa, ba ni sawa."

Ta dube ni, ta mayar da layar bakin zane, ta ce to. Ta ƙara da cewa kada Babba ya ji, wato Yaya, don ɗan fari ne ba ta faɗin sunansa. Shi Yaya ba ya shiri da layu ko kaɗan, har wa'azi yakan yi a kansu a masallacin unguwa. Na fito ina ganin magana ta ƙare.

Yanzu sai Malam Bawa. Mutumin Isa ne, ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya daɗe yana tuƙin babbar mota har haɗari ya taɓa masa ƙafa ya bari, kamfaninmu ya ɗauke shi leburanci a filin jirgi: ya turo tsani, ya riƙe fitila, ya goge mai a jikin inji. Mutum ne mai tsananin kunya da ladabi, irin wanda in tsohuwa ta ce ya faɗa rijiya, abin da zai tambaya kawai shi ne wace rijiya. Da alhazan garinmu suka sauka sansani, kullum yana can yana musu ɗawainiya, ya ɗebo ruwa, ya nemo gawayi. Inna kuwa da tambayoyinta, ba ta jima ba ta gano aikin da yake yi da inda hannunsa ke kaiwa.

Ranar tashi, da sassafe muka canza wani bututun mai a injin hannun dama. Doka ce in an taɓa irin wannan wuri a tayar da injin a ƙasa a ga ko yana yoyo. Na zagaya na leƙa bakinsa kamar kullum, ban ga komai ba, muka tayar. Ya yi kukansa mai daɗi, alluran agogunan da ke nuna lafiyar injin duk suna inda ya kamata, ba yoyo, muka kashe. Bayan azahar jirgi zai tashi, don haka da hantsi na wanke hannu na tafi sansani in yi sallama da Inna. Na same ta a kan tabarma cikin matan garinmu, ta sa sabon hijabi, ta jingina da jakarta. Ta yafito ni, ta jawo kunnena kusa da bakinta, tana murmushin wadda ta ci wasa.

"Abin da kaƙ ƙi, wani ya yi. Bawa ya sa min ita tun da asuba, can bayan hwanka."

Na ɗago kai na dube ta. Na ce, "Wace hwanka, Inna?"

"Ta dama. Ni nic ce mai ta dama, dama ta hi albarka."

Ban san yadda na koma filin jirgi ba. Na sami Malam Bawa a inuwar fiffike yana ninke tsummoki, na ja shi gefe. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan.

"Malam Bawa, mi kas sa min cikin inji?"

Bai yi musu ba. Ya ce ya zura hannu ta tsakanin babbar fanka har kafaɗa, ya cusa layar a wani lungu, bai ɗaura ba don ba wurin ɗauri. Sai ya ce, "Injiniya, uwa ta, kuma ta roƙe ni. Ƙaƙa za ni ce mata a'a? Kuma ayar Allah ta ciki. Ayar Allah za ta ɓata inji?"

Na ce, "Ba ayar nika tsoro ba, zoben nika tsoro!"

Na hau tsani na zura hannu inda ya nuna mini. Wayam. Na kwanta rub da ciki a bakin injin ina haskawa, ba laya ba dalilinta. Muka bi ciyawar da ke bayan inda aka tayar da injin, ni da shi, a sunkuye kamar masu kalar gyaɗa, rana na dukan ƙeyarmu. Can Malam Bawa ya ɗago da ɗan yankin jar fata, bai fi farce ba. Ashe injin ya riga ya haɗiye ta tun da safe. Zobe kuwa ko ƙyallinsa ba mu gani ba.

To ku tsaya ku ji abin da na auna a wurin nan, don shi ne ba wanda ya taɓa tambayata. In zoben ya bi hanyar gefe, yana can cikin ciyawa ko ya wuce katanga, injin bai ma san an yi ba. Wannan shi na fi zato. In kuwa hanyar ciki ya bi, to ya gaisa da haƙoran nan, kuma tsaga ba ta nuna kanta a allura sai ranar da ta ga dama. Ta fi son lokacin tashi, jirgi cike da mutane da mai, inji yana ba da iyakar ƙarfinsa. Ba yadda za a yi a sani sai an leƙa da wata na'ura mai dogon wuya kamar tiyo, da ido da fitila a bakinta, ita kuwa tana Legas tare da mai aiki da ita. Mu uku kaɗai muka san zancen layar, kuma biyun ba za su taɓa faɗa ba. In na yi shiru, Inna ta ga Ka'aba, Malam Bawa ya riƙe aikinsa. In na yi magana, ga Jidda za a rufe. Amma mutanen da za su cika jirgin nan na san su ɗaya bayan ɗaya: limamin unguwarmu, mai furar da ta yi mini goyo, Fulanin da suka sayar da shanunsu suka taso daga bayan Gatawa, ga Yaya, ga ita kanta Innar. Na tsaya ina kallon duhun bakin injin, tsoro ya cika ni. Kuma Allah shi ne shaida, a cikin tsoron nan har da wani ɓangare nawa da ya matsu ya san ina zoben nan ya bi.

Da manajanmu ya zo a sa masa hannu, na ce ba za ni sa ba, na gaya masa wani abu mai ƙarfe ya shiga inji, na nuna masa guntun fatar. Ya yi tsalle ya dire.

"Fata ce fa! Tsuntsu ya fi wannan girma, kuma jirage nawa suka ci tsuntsu suka kai inda za su?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, tsuntsu ba ya sa zobe. Kuma shi ma in ya shiga, sai mun duba."

Ya yi lallashi, ya yi barazana, ya kira Legas ya miƙo mini waya aka zage ni ta can ma. Matuƙin jirgin, wani dattijo marar yawan magana, yana tsaye yana ji. Da ya ga abin ya ƙi ƙarewa sai ya ɗauki hularsa da jakarsa ya ce shi ba ya tuƙa injin da mai shi bai sa wa hannu ba, a neme shi a masauki. Malam Bawa kuwa da ƙafarsa ya je ya ce shi ya sa. Aka tambaye shi wa ya ba shi, ya ce tasa ce. Kafin la'asar an karɓi katinsa an raka shi bakin ƙofa.

Labari ya riga ni isa sansani, an ce ɗan Sabon Birni ne ya hana. Yaya ya tare ni a bakin ƙofa, mutane suka yi mana zobe.

"Sahabi, an ce kai kah hana. Gaskiya ta?"

"Gaskiya ta, Yaya."

"Injin ya mutu?"

"Bai mutu ba. Wani ƙarhe yas shiga, ban san inda yat tsaya ba."

"Ba ka sani ba! Bisa abin da ba ka sani ba za ka maida tsohuwa gida? Kai ka riƙe jirgi sama ko Allah?"

"Allah na, Yaya. Amma ni anka tambaya ko na duba ciki, kuma ban duba ba."

"To wa yas sa ƙarhen?"

Na ɗaga ido, sai ga Inna can bayansa, ta dogara da sanda, murmushin safe ya tafi. Ta gane. Kalma ɗaya daga bakina, shi ke nan duk Sabon Birni da Isa za su san tsohuwar da ta hana su Makka, kuma a gaban ɗanta mai wa'azi. Na ce, "Wani lebura na, an sallame shi." Yaya ya yi tsaki ya juya mini baya.

Da na'urar ta iso, muka zura wuyanta ta wata ƙaramar kafa a jikin injin, wani na juya shi da hannu a hankali, mu muna kallo. Ba za ni ɓoye muku ba, duk da baƙin cikin da nake ciki, cikin injin nan kyau ne da shi. Haƙora na wucewa ɗaya bayan ɗaya cikin hasken fitila, sumul, har na fara ji a raina na kashe wa mutane tafiya a banza. Sai a wani layi na tsakiya muka ga guda da gibi a bakinsa kamar cizon ɓera, ga tsaga siririya kamar gashi ta fara gangarowa. Muka auna, ta wuce iyakar da masu ƙera injin suka yarda a tashi da ita. Dole a sauke injin gaba ɗaya. Na tambayi mai na'urar ko zobe ne ya yi wannan. Ya ɗaga kafaɗa ya ce mai yiwuwa zobe, mai yiwuwa tsakuwa daga titin jirgi, mai yiwuwa ma ta kwana biyu a wurin ba wanda ya sani. Zoben dai ba a taɓa ganinsa ba. Na yi shekaru ina juya abin a raina, har yau ban san ko layar ce ta ji wa injin ciwo, ko kuwa ita ta sa muka leƙa muka ga ciwon da ke nan tun da.

Kamfani ya samo wani ƙaramin jirgi ya kwashi waɗanda ya iya. Na je na durƙusa wa jami'in da ke rabon kujeru don Inna, ya dube ni sama da ƙasa ya ce kai da ka tsayar da jirgi ne kake neman alfarma? Aka rufe Jidda, sauran aka zuba su a motoci aka mayar gida. Wanda ya dawo daga Makka tun bakin gari ake tarbarsa. Wanda ya dawo daga sansani kuwa ba wanda ya san abin da zai ce masa. Sannu da zuwa? Daga ina? Matan da suka ba ta saƙon addu'a suka shigo suka zauna, suka tashi. Dambun naman a gida jikoki suka cinye shi. Inna ta hana kowa ce mata Hajiya, ni kuma a tasha aka laƙa mini Sahabi Hana-Tahiya. Baɗi na yi shirin kai ta ko a keken guragu ne, sai shanyewar ɓarin jiki ta riga ni. Ba ta taɓa ganin Makka ba.

Amma kafin ciwon, da kaka ta yi, na ɗaure fuska na je gida, don tun ranar sansani ban iya haɗa ido da ita ba. Na same ta a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa, ƙafafu a miƙe. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Na zauna kusa da ita ina jira. Ni na san Inna, fushi bai taɓa cin ƙarfin tambayarta ba.

"An ce kun sa ma inji madubi har cikin hanjinai. Mi kunka gani?"

Na karyo kara na zana mata a ƙasa: ga babbar fanka, ga hanyar gefe, ga ta ciki, ga layin haƙora, ga inda gibin yake. Ta ture ƙwaryar ta sunkuyo. Ta tambayi abin da ke juya ƙananan fankokin, ta tambayi yadda wuta ba ta narkar da ƙarfen. Na yi ta bayani, tana gyaɗa kai, har muka ɗan manta abin da ke tsakaninmu. Sai ta ɗora yatsa a kan gibin.

"Zobena na?"

"Ban sani ba, Inna. Mai madubin ma bai sani ba."

"Bawa hwa?"

"Shina Isa, shina hwacin taya bakin hanya."

Ta ce, "Na ja ma bawan Allah." A nan ne abin da na danne tun ranar sansani ya taso mini, na kasa riƙe shi.

"Inna, don Allah ki gaya min. Ke kik koya muna ba mai mutuwa sai kwanansa sun ƙare. Tsoron mi kij ji haka, har kib bi ta bayana?"

Ta ɗago ta dube ni kamar yadda take duban wanda ya kasa gane abu mai sauƙi.

"Tsoro? Ni? Tsohuwa bisa hanyar Makka, in ta mutu ai ta ci riba. Wa yac ce maka don kaina niy yi? Na tambayi ɗan sandan nan, ɗan Hajo maƙwabciyarmu, nic ce in jirgi ya hwaɗi wa za a kama. Yac ce wanda yas sa hannu. Jin haka yak kai ni Alkalawa da gwiwar ga. Ba sunana anka rubuta cikin layar ba, Maƙeri. Naka na."

Ban taɓa kuka a gaban mutum ba tun da na girma, ko ranar da aka binne Baba. Ran nan na yi. Na kama ƙafarta mai kumburi na kifa goshina, ina yi kamar an aiko ni.

Ta ce, "Kai, tashi can, ƙaton banza, za ka jiƙa min gyaɗa."

Amma ba ta janye ƙafar ba.